Kujerun Golf ɗina sun koɗe: rini ko sabon ɗinki?

Malam na Taura: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina da Golf 3, inji lafiya ƙalau, cikinta ne ya tsufa. Yadin kujerun shuɗi ne, rana ta cinye shi ya yi fari, amma bai yage ko'ina ba. Silin ya saki ta baya yana taɓa kan mutum, dashbod ma ya koɗe. Bayan kaka za a yi bikin ƙanwata, kuma motar ce za ta ɗauki amarya. Dubu 50 na ware. In sa a rina yadin ne ko in kai a sake ɗinki? Leda dai ba na so, don a rana motar take wuni a makaranta.

Ɗan Gujungu: Wa alaikumus salam. Malam ka sa leda baƙa kawai, ka huta.

Baban Khalifa: Motar da aka daina ƙerawa tun kafin shekarar 2000? Sayar da ita ka cika ka sayi Corolla.

Malam na Taura: Da albashin firamare, Baban Khalifa? Allah ya sa da bakinka.

Alhaji Mai Riɗi: Malam, don Allah kar ka kuskura ka yi rini. Ni na yi, na ga abin da na gani. Wani yaro mai rinin shadda a garinmu ya ce zai mayar mini da kujeru sababbi fil. Ya kwance rigunan, ya tsoma su a galura da ruwan zafi, suka bushe suka yi kyau har mutane na tambaya ina na kai. Ranar Juma'a na ɗauki surukina da limaminmu za mu ɗaurin aure Ringim, ga zafin bazara, ba AC. Muna sauka na hango bayan babbar rigar surukina, farar shadda sabuwa, ta zama shuɗiya daga kafaɗa har ƙasa. Shi bai sani ba, yana gaba yana gaisawa da mutane. Liman ne ya ja shi gefe. Dattijon bai ce mini komai ba, a motar haya ya koma gida. Sai da na yanko masa wata shaddar a Kantin Kwari na biya ɗinki da aiki, uwargida kuma har yau in mun saɓa sai ta tuna mini. Yaron da na koma wajensa cewa ya yi gumin mutanen ne ya yi yawa.

Ɗan Gujungu: Alhaji ai ka rina suruki kyauta, ba sai ya je Ƙofar Mata ba 😂

Alhaji Mai Riɗi: Yaro, ka yi aure tukuna sannan ka yi dariya.

Oga Mai Kushin, Hadejia: Abin da ya sami Alhaji ba mamaki. Galurar shadda ta auduga ce. Yawancin yadin mota zaren roba ne, ba ya shan wannan rinin, a sama yake zama, da an yi gumi sai ya biyo riga. Malam, zaro zare ɗaya daga ƙarƙashin kujera ka kyasta masa ashana. In ya zama toka auduga ce, in ya narke ya dunƙule roba ce. Silin kuma kar ka bari a ɗura masa gam ta sama. Akwai siririn soso tsakanin yadin da allon, zafi ne ya mai da shi gari. Sai an sauke allon, an kankare garin tas da buroshi, sannan a manna sabon yadi da gam mai jure zafi. Duka aikin, kujeru da silin da jikin ƙofofi, ba zai gaza dubu 120 ba.

Baban Khalifa: Dubu 120? A dubu 45 aka yi mini tawa a Kano.

Oga Mai Kushin: Yaushe?

Baban Khalifa: An ɗan jima.

Oga Mai Kushin: To je ka tambayi kuɗin katifa yau.

Direban Maigatari: Ku bar masu ɗinki, kowa kasuwarsa yake wa talla. Mu da muke kwana a mota mu za a tambaya. Malam shiga Ƙofar Ruwa ka nemi kujerun Golf na Beljiyam, saiti guda na ɗauka dubu 70. Silin kuwa ka kama shi da fil, tawa haka take. Dashbod ka goga masa baƙin mai, sai ƙyalli.

Oga Mai Kushin: Baƙin mai a dashbod, ga hunturu na tafe? Duk ƙurar hanya a kansa za ta manne. Ruwan sabulu da tsumma ya ishe shi, sannan a riƙa sa kwali a gilas. Wanda yake loda awaki a kujerar baya duk Alhamis shi zai koya mana gyaran kushin?

Direban Maigatari: Awakin ne suke biyan irinku ai.

Maman Walida: Ku yi haƙuri in sa baki. Amarya a lulluɓe za ta shiga, kuka take, ba silin za ta kalla ba. Ku shimfiɗa sabon zanin gado a baya. Mu tamu motar ba rana ce ta kashe ta ba, aro ne. Maigidan ba ya iya cewa a'a.

Alhaji Mai Riɗi: Wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A ƙauye mota ɗaya ta gari ce. Naƙuda da tsakar dare, kai. Gaisuwar mutuwa, kai. Wannan duk lada ne, ban ƙi ba. Amma wani ya ara wai zai kai mahaifiyarsa asibiti, ya dawo mini da ita da warin taki, buhu huɗu ya ɗauko daga Wudil.

Baban Khalifa: Kai ka ji daɗi. Ni jarkar manja ta kife a tawa, kuma tanki a bushe aka dawo da ita. Da na yi magana aka kai ƙarata wajen yayana wai na yi kuɗi na canza.

Ɗan Gujungu: Ni yanzu cewa nake batir ya mutu.

Maman Walida: Mun gwada. Da nasu batirin suka zo a kan babur.