Mayar wa taya iska bayan fitowa daga rairayi

Direban Hilux: Salamu alaikum, 'yan uwa. In na shiga rairayin hanyar Dirkou ina rage iskar taya zuwa bar 1.2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). In na dawo Agadez na sa kwampireson mota, gejinsa ya nuna 2.5, washegari sai in tarar 2.1. Ina matsalar take?

Mai faci: Wa alaikumus salam, Malam. Gejin kwampireso yana nuna fiye da gaskiya muddin yana bugawa. Kashe shi tukuna, ka auna da gejin hannu.

Tsohon direba: Ƙanena, tayar ma da zafi take. Adadin da aka rubuta a jikin ƙofa na taya mai sanyi ne. Ƙara kamar 0.3 a kan wannan adadin, da safe ka sake aunawa. Kuma bar injin motar a kunne yayin da kwampireson ke bugawa, kada batir ya mutu maka a daji.