Switch Sports: Wa Ake Kira Yaro?

Mai Sabuwar Switch: Jama'a ku zo ku ji takaici. Jiya na kunna Nintendo Switch Sports, wasan bidiyon da ake yi da motsin jiki, karon farko. Na miƙe tsaye, na zura igiyar Joy-Con, wato abin sarrafa wasan, a hannu, ina ta kai duka a tanis har rigata ta jiƙe da gumi. Ƙanena kuwa yana kishingiɗe a kujera, wuyan hannu kawai yake karkaɗawa, kuma ya yi ta lallasa ni. To ina amfanin motsin? Na'urar ba ta san wanda ya wahala da wanda ya kwanta ba. Wallahi wasan yara aka sayar mana.

Masoyin Wii: Malam, janye kalmar nan ta yara. Wii Sports da ta fito a 2006 har gidajen kula da tsofaffi ta shiga, suna buga bolin. Kakanni ne yaran?

Anti Mai Badminton: Ni da na aurar da 'ya, kullum da dare sai na buga badminton a ciki. Yarinya ce ni ke nan?

Mai Sabuwar Switch: Haba Anti, ki yi haƙuri, maganar na'urar nake yi.

Ɗan PlayStation: Ku ƙyale shi, gaskiya ya faɗa. Ku dubi 'yan tsanan da ke cikin wasan. Babba da gemunsa FC, wasan ƙwallon ƙafa na EA, yake bugawa.

Masoyin Wii: Kai da kake buga ƙwallo da manyan yatsu biyu ne za ka kira wani yaro? Sony ɗinku ai kwaikwayonmu ta yi da Move, abin riƙewa mai karanta motsin hannu, a 2010.

Ɗan PlayStation: Kwaikwayo? EyeToy, kyamarar da ke karanta motsin jiki, tun 2003 take kan PS2, lokacin ba a haifi Wii ba. Je ka tambayi yayyenka.

Masoyin Wii: Kar ka sako min shekaru, na girme ka.

Tsohon Ɗan Xbox: Duk kun manta da Kinect Sports. Babu abin riƙewa, kyamara ke kallon jikinka gaba ɗaya. Kwanta ka gani in za ka ci.

Ɗan PlayStation: Yanzu ina Kinect ɗin? Tun 2017 Microsoft ta daina ƙera ta.

Mai Takobi: Ɗan'uwa mai ƙorafi, a tanis ɗan wasan da kansa yake gudu, lokacin da ka kai dukan ne ya fi muhimmanci, shi ya sa ƙanenka ke ci. Gwada chambara, wasan takobin da ke ciki. Idan abokin karawa ya tare a tsaye, dole ka sara ta sama zuwa ƙasa, in ka sara a kwance takobinka zai dawo maka. Can za ka ga tana karanta hannu.

Anti Mai Badminton: Har yanzu ban ji an janye kalmar ba.

Ɗan PlayStation: Ba za a janye ba, Anti.

Admin: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar: wasan ba na yara ba ne, Anti da tsofaffi masu bolin sun isa shaida. Nintendo ce ta kawo motsin jiki cikin falon kowa, ni ma Wii ce na'urata ta farko kuma har gobe tana aiki. Maganar EyeToy da Kinect ba ta cikin batun. Ɗan PlayStation, ka ba Anti haƙuri kafin ka sake rubutu a nan.