Ranar da kuka gano samfurinku ya gurɓata, yaya kuka yi?

Mai buɗe zance, ɗalibar nazarin sel (ƙwayoyin halitta):
'Yan'uwa masu neman digirin digirgir, ina so mu tattauna wannan a fili, domin na rasa wanda zan yi maganar da shi. Na shafe wata bakwai ina renon sel a ma'aunin zafi 37, sakamakon yau ya saɓa wa na jiya, har na fara zargin hannuna. Da aka yi gwajin PCR, wanda ke ninka DNA (sinadarin gado) har a iya gano shi, sai ga maikoplazma. Wannan ƙwayar cuta ba ta da bango a jikinta, shi ya sa fenisilin da muke zubawa bai taɓa ta ba, ba ta dagula ruwan renon, kuma madubin ɗakin gwaje-gwaje na yau da kullum ba ya nuna ta. Na zubar da komai. Abin da ya cece ni shi ne kwalabe uku da na daskarar tun farko a ruwan naitirojin, mai sanyin 196 ƙasa da sifili.

Ɗalibin kimiyyar gado:
Malama, Allah ya mayar da alheri. Ni kuwa bututun da ban sa masa DNA ba, wanda ya kamata ya fito fayau, shi ne ya riƙa ba da sakamako. PCR tana ninka abin da ta samu a kowane zagaye, ta yadda zagaye 30 kan iya mayar da ƙwaya ɗaya kusan biliyan guda, saboda haka ɗan burbushin tsohon gwaji da ya maƙale a na'urar ɗibar ruwa ya isa ya ɓata aiki. Mun raba wurin haɗa sinadarai da wurin buɗe bututun da aka gama. Abin da har yau nake nadama shi ne mako biyun da na ɓoye wa malamin da ke duba aikina, don kunya, alhali wasu ɗalibai biyu suna amfani da na'urar.

Ɗalibar kimiyyar ƙasa:
Ku aƙalla kuna iya sake reno. Lakar da na haƙo daga ƙasan tafki ba ta da na biyu, kuma komawa wurin sai bayan shekara. Na aika a auna shekarunta da kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 5,730, sai wani sashe na can ƙasa ya fito da ƙarancin shekaru fiye da na samansa. Ashe siraran saiwoyin tsirrai ne suka kutsa ciki da sabon kabon. Kashi 1 cikin 100 na sabon kabon kan sa abin da kabon-14 ɗinsa ya riga ya ƙare ya yi kamar ɗan shekara 37,000. Malamata ta hana ni cire waɗannan alƙaluma daga kundi, ta ce in rubuta su tare da dalilin ƙin amincewa da su. A ranar kare kundi, wannan sashen ne masu jarrabawa suka fi tsayawa a kai, kuma sun gamsu.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Ban taɓa tunanin sa watanni bakwai ɗin nan a kundi ba, amma gobe zan kai wa malamina wannan shawara, tare da roƙon a riƙa gwada sel ɗin kowa sau ɗaya a wata.