Sauke tankin Hilux a gida: su wa ake kira yara?

Mai Hilux na Mabera: Salamu alaikum 'yan zaure. Motata ta dinga mutuwa bisa hanyar Illela, fitilar filta na kunne. Da nik kai gareji anka ce ruwa da laka na cikin tanki, sai an sauke shi, anka yanka min kuɗi kamar sabon inji zan saya. Nid dawo gida, ni da ƙanena munka cire kan batir, munka zuƙe gas cikin jarkoki, munka tokare tankin da jek da katako, munka kwance tiyo da wayar geji da ƙarafan da ke riƙe da shi. Kahin la'asar yana ƙasa. Aradu aikin yara na, kuɗinmu kawai ake ci.

Bakanike na Kwannawa: Alhaji, su wa ne yaran? Shekara da shekaru muna kwance ƙarƙashin motocinku cikin ranar Sakkwato, yau mu na yara?

Mai Hilux na Mabera: Oga, aikin nic ce, ban ce kai ba.

Bakanike na Kwannawa: Wanda ya raina aiki ai mai aikin ya raina.

Direban Illela: Ku bar Alhaji. Duk garejin da kat tahi, yara ka shiga ƙarƙashin mota, oga na bisa benci da kofin shayi. Ƙarya yay yi?

Ɗan koyo: Ni ina cikin yaran da ake faɗi, Baba. Tankin Hilux lita 80 yake ci, in yana cike man kaɗai ya haura kilo 60. Ko kwata ya rage, da ka sassauta ƙarfe guda sai man ya gangara gefe ɗaya, tankin ya juye maka a ƙirji. Kuma akwai 'yan maƙalan roba a bakin tiyo, wanda bai saba ba karya su yake. Yaron da ya san wannan ba yaro ba ne.

Hajiya mai kayan miya: To ashe kun yarda yara ke yi.

Malamin makaranta: Ni abin da ya dame ni daban ne. Gas ba ya kama wuta da sauri irin fetur, sai zafinsa ya haura digiri 50, shi ya sa mutane ke sakaci. Amma tankin da aka zazzage yana cike da tururin mai, in aka kai masa wutar walda yana iya fashewa. Alhaji, in yoyo ka gani, kada ka kira mai walda cikin gida.

Bakanike na Kwannawa: Malam, ba a gama zancen yara ba. Sai ya janye.

Direban Illela: A tambaye shi dai ina yas sha man. Na rantse na bumburutu na.

Mai jarka na Gidan Dare: Kullum mu! Gidan mai nawa ruwa ke shiga rijiyarsu da damina? Tankin da ke yini rabi ma yana tara raɓa da kansa. Kai da ke tsayawa wurina da dare kana roƙon bashi, yau ni ka zagi?

Direban Illela: Na biya ka tun kahin azumi, kaji tsoron Allah.

Baƙo daga Kano: A Ƙofar Ruwa wannan aikin ko awa ɗaya ba ya kaiwa.

Hajiya mai kayan miya: Sai ka tura motar har Kano, ɗana.

Ɗan koyo: Baba Alhaji, tambaya ɗaya. Motar ta tashi?

Mai Hilux na Mabera: Tana hutawa.

Ɗan koyo: Iska ce ta shiga layin mai. Akwai ɗan famfon hannu bisa kan filta, a yi ta danna shi har ya yi tauri, sannan a murza makulli. Kada a yi ta ba ta sitata, batir zai mutu.

Shugaban zaure: To jama'a, ya isa. Abin da muhawara ta nuna shi ne an ci mutuncin makanikai, mota kuma ga ta kwance a Mabera. Kowa ya amince aiki sai mai shi, kuma ya kamata Alhaji ya ba Oga haƙuri. Zancen kuɗin gareji ba mu da hujja a kai.

Direban Illela: Wane kowa? Shugaba, garejin Kwannawan ba na yayanka ba na?