Filogin wuta tsakanin akori-kura da ɗakin kwana: wa ya taɓa gyara shi ya zauna?

Mai Akori-kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗakin kwana irin wanda ake ɗorawa a bayan akori-kura, wutarsa daga motar take zuwa ta filogi mai haƙora 7. In mota na tsaye komai lafiya lau, da na hau gargada sai fitilun bayan ɗakin su riƙa ɗaukewa suna dawowa. In na taka birki kuma sigina biyun su kama dishi-dishi. Na sa sabon filogi, ba a je ko'ina ba ya koma gidan jiya. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.

Mai Wayarin: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ƙara sayen komai sai ka duba wayar nagatif, farar nan. Ta nan wutar dukkan fitilun ke komawa batir. In ta yi sako-sako, wutar sai ta bi ta cikin wani ƙwan don neman mafita, shi ya sa ka taka birki sigina ta amsa. Tirela takan samu sauƙi, don ƙarfen da aka maƙala ta da shi yana ɗan mayar da wutar. Ɗakinka kuwa a kan shimfiɗar roba yake zaune, ba shi da wata hanya sai wannan wayar. Ka ja waya mai kauri daga nagatif ɗin batirin mota zuwa na ɗakin. In fitilu suka daidaita, ka kama ɓarawon. Sai ka kwance notin da farar wayar ke ɗaure a jikin mota, ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli.

Kuma kada ka amince da launin waya. A Amurka tsari biyu ake bi a kan filogi iri ɗaya: koriyar waya a ɗaya ta fitilun baya ce, a ɗayan kuma ta siginar dama. Mitar gwada wuta ce shaida, haƙori bayan haƙori.

Tsohon Direba: Gaskiya ka faɗa, ɗana, amma ni tawa ba nan take ba. Wayar ce ta karye a cikin robarta, dab da gindin filogin, daga waje ba ka ganin komai. Kunna fitilu na yi, na sa yaro ya tsaya a baya, ina lanƙwasa kebul ɗin kaɗan-kaɗan, har na zo inda ya ce "ta ɗauke!" Akwai ɗan maɗauri a gindin filogin da ya kamata ya riƙe baƙar rigar kebul ɗin. Wanda ya haɗa mini ya feƙe rigar da yawa, maɗaurin bai riƙe komai ba, duk jijjigar hanya a kan siraran wayoyin take ƙarewa. Na yanke, na sake haɗawa, na like da dalma.

Mai Wayarin: Baba, a gafarce ni, dalmar ce ban so ba. Tana bin zaren wayar ta sandarar da shi, daidai inda ta tsaya nan zai sake karyewa. Matsewa da filayar matse kan waya ya fi, a bi da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi.

Tsohon Direba: To, tawa dai tana nan har yau. Amma na yarda maɗaurin ne ya yi aikin.

Hajiya Matafiya: Ni ruwa ne ya cuce ni. Na buɗe murfin soket na tarar haƙoran sun yi kore shar. Na goge da sanfefa mai laushi, na ɗan gyara bakin ƙarafan filogin da ƙaramar sukudireba don su ciji haƙoran da kyau, na shafa giris ɗin da ake sa wa kayan wuta. A cire kan batir tukuna, don a wasu motocin haƙorin caji da wuta yake ko an kashe mota. In an sauke ɗakin kuma a rataye filogin bakinsa na kallon ƙasa. Na ga na Turai mai haƙora 13, murɗa shi ake yi ya kulle, ina ma namu haka yake.

Ɗan Firij: Ku ƙara da zafi. Firij da cajin batirin ɗaki duk ta haƙori guda nake jan su, har robar da ke kewaye da shi ta narke ta yi baƙi. Wutar batir mai bolt 12 ba ta son doguwar siririyar waya. Na raba musu hanya: waya mai kauri, filogin Anderson (wani filogi ne na ɗaukar wuta mai yawa) mai amfiya 50, fis kusa da kowane batir, da rile mai yanke wuta in an kashe inji don kada ɗakin ya shanye batirin mota. Fitilu kawai na bar wa tsohon filogin.

Mai Akori-kura: Allah ya saka da alheri. Notin farar wayar ya yi tsatsa kamar yadda Malam Mai Wayarin ya faɗa. Na kuma tarar gefen ƙarfen bayan motar ya goge rigar kebul ɗin, na sa masa tiyo na ɗaure shi sama. Sigina ta daina amsa birki. Ɗan Firij, wayar da ka ja wa Anderson ɗin, wane kauri ce, kuma ta ina ka bi da ita ta kauce wa salansa?