Malamin makaranta a gaban dillalan mota: yaya zan yi ciniki ba a cuce ni ba?

Malam Sani, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke bayan garin Tawa, kuma ina neman shawararku a kan sayen ƙaramar mota ta hannu. Da babur nake zuwa aiki, amma iyali sun ƙaru, ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da Mayu. Aikin ma ya ishe ni, domin aji ya cika ya batse, wasu azuzuwan na zana ne, takardun gyara suna bina har gida, albashi kuma wani lokaci sai wata ya yi nisa kafin ya shigo. Daga makaranta nake wucewa wurin dillalai da raina a ɓace, kuma na lura da zarar sun ji an kira ni Mushe, wato yadda ake kiran malamin boko a nan, sai kuɗin mota ya hau. An yi mini kuɗin wata Corolla sefa miliyan 3 da rabi, na taya miliyan 2 da jika 800, dillalin ya ce albarka, wai akwai mai zuwa da kuɗi bayan la'asar. Shin in karɓi bashin banki a kan albashina in gama, ko in jira babban hutu in tafi Yamai?

Alhaji Mamman, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi dillancin mota shekaru kafin ƙafa ta hana ni tsayuwa, saboda haka bari in faɗa maka abin da muke gani idan malami ya shigo fili. Mun san albashinka ba ya da yawa, amma mun san tabbatacce ne, mun san banki yana ba ma'aikaci bashi, kuma mun san wanda ya zo da ƙurar alli a riga da gajiya a fuska yana son a gama yau. Wannan gaggawar ita ake sa wa farashi. Malamai kuma, ku yi haƙuri, kun saba da bayani: kafin a tambaye ka ka faɗi nisan makarantarka da yawan ƴaƴanka da ranar da bashi zai fito, alhali duk abin da ka faɗa makami ne ka miƙa.

Mai zuwa bayan la'asar ɗin nan ya fi ka shekaru a cikin sana'ar, kuma har yau bai iso ba. Ka bar lambarka ka tafi. Idan tayinka ya kusa, kafin kwana biyu za a kira ka.

Sai dai kada ka ɗauka duk tsadar ƙarya ce. Tun bayan Yulin 2023 da aka rufe iyaka tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin, motocin da suka saba zuwa daga tashar Kwatano sun ragu, na Lome kuma sai sun ratso Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin kawowa ya ƙaru. Abin da za ka iya ragewa shi ne abin da dillalai suka ɗora. Sau da yawa mota ɗaya tana da dillali uku, kowa ya aza nasa a kan kuɗin mai ita, sannan a ƙarshe a nemi la'ada daga gare ka. Tun farko ka tambaya: ta wa ce? Ka ce ba za ka biya ba sai mai ita ya zauna ya sallama da bakinsa a gaban shaidu, kuma ku yanke la'ada kafin a fara tayi, ku san wa zai biya ta. Ka je ranar Asabar da safe, da wani dattijo wanda ya iya shiru.

Malama Hadiza, Yamai

Malam Sani, ni ma a aji nake, kuma maganar bashin ce ta sa na sa baki. Banki yana cire nasa kafin ka taɓa albashinka, kuma shekarun biyan ba sa sanin watan azumi ko ragon layya ko komawar yara makaranta a Oktoba. Tunda ka ce albashin yakan makara, ka tambaye su a rubuce abin da zai hau kanka idan wata ya wuce ba a biya ba. Ka kuma lissafa abin da motar za ta ci bayan ta shigo gida. Ko da aka rage litar fetur zuwa sefa 499 a 2024, mota tana shan ninkin abin da babur ke sha, ga inshora, ga harajin shekara, ga binciken lafiyar mota, ga taya. Mu a makarantarmu adashi muka yi, wanda ya ɗauka ya haɗa da ɗan abin da ya tara, bashin da ya karɓa ya zama kaɗan. Ban goyi bayan zuwa Yamai ba sai idan kana da masauki da bakanike a nan, domin tafiyar ta haura kilomita 500, kuma baƙon da ranar komawarsa ta matso ya fi kowa saurin sallamawa.

Isufu bakanike, Tawa

Malam, ina ƙara kaɗan a kan maganar Baba Alhaji. Zuwan safe yana da wani amfani, wato ka samu injin a sanyaye. Idan ka tarar an riga an tayar da shi, ka ce za ka dawo. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin yana cin baƙin mai, farin kumfa a ƙarƙashin murfin baƙin mai kuma yana nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba, kuma a zafin Tawa irin wannan motar ba ta kai ka damina. Kada ka yarda da kilomitan da agogo ya nuna, ana mayar da shi baya. A hau titin Ƙonni da ita a ga yadda zafinta yake tashi.

Takardu sun fi injin hatsari. Lambar shasi, haruffa da lambobi 17, dole ta dace da abin da ke cikin kart giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan, wato kwastan. Akwai motoci masu araha da ke shigowa ta Illela, a iyakar Najeriya, ba a biya musu duwan ba, ranar da aka tare ka kai ne mai biya. Corolla zaɓi ne mai kyau, kayan gyaranta ba sa wuya a nan. Duk aibin da muka gano ka sa a rubuta kuɗin gyaransa, ka cire shi daga tayinka.

Malam Sani, Tawa

Na gode, Allah ya saka da alheri. Dillalin ya kira ni jiya, ya sauko miliyan 3 da jika 200, na ce masa sai Asabar, kuma sai da mai motar. Malam Isufu, nawa kuke karɓa idan aka tafi da ku duba mota, kuma ana biya ne ko da ciniki bai faɗa ba?