Kuɗin agajin Sandy da tallan Gwamna Christie: shawarwarin da aka bayar

A tattaunawar da aka yi kan Chris Christie, tsohon gwamnan New Jersey a Amurka, an fi daɗewa kan batun fitowar fuskarsa a tallan jihar. Bayan guguwar Sandy ta 2012, jihar ta ware dala miliyan 25 daga kuɗin agajin tarayya don tallata wuraren shaƙatawa na bakin teku. Sai ga gwamna da iyalansa a cikin tallan, a 2013, shekarar da yake neman tazarce. Shawarar mafi rinjaye ita ce doka ta hana duk mai takara fitowa a tallan da aka biya da kuɗin jama'a. Ni ma nan na tsaya.

Wasu sun kare tallan, kuma da hujjarsu: garuruwan gaɓar teku da baƙi suke ci, in ba a sanar an buɗe ba, wa zai zo? Amma ko su sun yarda a riƙa wallafa takardun neman kwangila, tunda kamfanin da ya samu aikin ya nemi dala miliyan 4.7, alhali wani ya nemi 2.5.

An kuma ce masu binciken kuɗi su shigo tun kafin a sa hannu, maimakon jiran ƙorafi irin wanda ɗan majalisa Frank Pallone ya kai daga baya.